Amana da 'Yan'uwanta

Ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin masu tambaya tukuna, ina roƙonka ka yi haƙuri da wannan 'yar takarda har ka kai ƙarshenta. Idan kana da maƙwabci wanda bai iya karatu ba, ka karanta masa a hankali, gama maganar ta shafe ku duka biyu.

Akwai waɗansu kalmomi huɗu da ba su fita daga bakin mutanen Isa da na Sabon Birni a shekarun nan. Mai niyyar kasuwa ya kan tambaya ko akwai aminci a hanya. Wanda aka cuta ya kan ce wane ya ci amanarsa. Idan aka ji labarin wani mugun aiki, sai a ce masu yinsa ba su da imani. Sa'anda tsofaffi suka yi addu'a kuwa, jama'a ta amsa da amin. Aminci, amana, imani, amin: kullum muna faɗinsu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka lura uwa ɗaya ta haife su. Abin da na ke so in nuna maka ke nan, domin idan ka gane dangantakarsu za ka gane abin da Allah ya ke nema gare ka a cikin wannan zamani mai wuya.

I. Yadda kalmomin Larabci su ke tsirowa

Harshen Larabawa yana da wata ɗabi'a. Yawancin kalmominsa suna tsirowa daga saiwa mai baƙaƙe uku, sa'an nan a canja wasulla, ko a ƙara wani baƙi gaba ko baya, sai sabuwar kalma ta fito, amma ma'anar saiwar tana nan a cikinta kamar yadda ɗanɗanon kuka ya ke cikin miya. Ga misali wanda ka sani: hukunci, da hukuma, da hakimi, da hikima, dukansu daga saiwa ɗaya su ke. Kakanninmu suka karɓe su daga bakin malamai da fatake, har suka zama Hausa.

Saiwar da mu ke magana a kanta ita ce alif, da mim, da nun. Ma'anarta ta fari ita ce kwanciyar rai, watau zaman mutum ba tare da tsoro ba. Daga nan dukan rassan suka fito.

Amma sai ka yi hankali, gama ba dukan masu kama da juna ne 'yan'uwa ba. Liman ya yi kama da imani a kunne, amma saiwarsa dabam ce, ma'anarta kuwa wanda ya ke gaba. Hakanan lamuni ya yi kama da amana, amma daga wata kalma ya fito mai farawa da baƙin da Hausawa su kan mayar lam, kamar yadda suka yi a cikin alƙali da lalura da liyafa. Waɗannan maƙwabta ne, ba 'yan gida ba.

II. Aminci

Reshe na fari shi ne aminci. Larabawa su kan ce amn, watau rashin tsoro. Su kan ce kuma aman, watau alkawarin da mai iko ya ke ba wanda ya ke hannunsa, cewa ba za a taɓa ransa ko dukiyarsa ba. Baƙon da ya shiga ƙasa da irin wannan alkawari, masana shari'a suna kiransa musta'min, watau mai neman aminci. Har wa yau, majalisar nan ta duniya da mu ke kira Kwamitin Sulhu, da Larabci sunanta majalisar amn.

Ka lura da wannan: a cikin harshen nan aminci abu ne da wani ya ke ba wani. Ba ya faɗowa daga sama kamar ruwan damina. Mutum ne ya ke ba da baki, ya kuma tsaya a kan bakinsa.

Ƙasarmu ta Gobir ta san wannan tun da daɗewa. Wajen shekara ta 1788, a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ranar salla ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiya ba, sai ya roƙi abu biyar, a cikinsu har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki waɗanda ke ɗaure, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Sarki ya yarda. Bayan Bawa, Sarki Nafata ya kafa dokoki da suka rage abin da aka bayar. A zamanin Yunfa yarda ta ƙare sarai, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙi ya tashi, Alƙalawa kuwa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Ba aikina ba ne in yi hukunci tsakanin mazan jiya. Ina nuna maka dai cewa tsakanin ba da baki da kangon birni shekara ashirin ce kaɗai.

Sabon Birni kansa kuwa da yarjejeniya aka kafa shi. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, Ɗan Halima, ɗan sarautar Gobir, ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya daidaita da Sakkwato, ya gina sabon gari kusa da kangon Alƙalawa. A zamanin nan kuma, idan waɗansu mutane da ba Musulmi ba suka yi sulhu da sarakunan daular Sakkwato, suna ba da gaisuwa a bar su da zamansu, sunan wannan sulhu amana. Ka ga ashe tun dā mutanenmu sun haɗa aminci da amana a kalma ɗaya.

Abin da ya same mu a namu zamani ba ya bukatar dogon bayani. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A watan Disamba na 2021 aka ƙone matafiya fiye da 20 a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Tun daga 2019 dubban mutane suka ƙetare iyaka zuwa ƙasar Maraɗi, suka bar gonaki da rumbuna. Kowa yana kukan aminci. Amma reshe ba ya yin ganye idan an sare ɗan'uwansa daga gindi, ɗan'uwan aminci kuwa shi ne amana.

III. Amana

Amana ita ce abin da wani ya sa a hannunka domin ransa ya kwanta. Ma'anarta ke nan bisa ga saiwarta. Mai ba ka amana yana cewa a zuciyarsa, daga wannan mutum ba ni da tsoro. Ya tafi ya yi barci, ya bar maka tsaro.

Dubi yadda zaman ƙasarmu ya ke tsaye a kanta. Falke ya kan sauka gidan fatoma ya bar kayansa, ya shiga kasuwa hannu sake. Manomi ya kan ba Bafillace sa ko tunkiya kiwo, ba takarda, ba shaida, bayan shekara ya zo ya tarar da ita da 'ya'yanta. Bayan kaka makiyayi ya kan sauka a gonar manomi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musanyar nono da hatsi. Mata su kan zuba adashi a hannun uwar adashi. Dillali ya kan karɓi rago ya sayar, ya kawo kuɗin cif. Ba ɗan sanda ne ya riƙe waɗannan duka ba, amana ce.

Ka dubi kuma yadda Bahaushe ya ke faɗin ɓata ta. Ba ya cewa an karya amana ko an yar da ita, sai ya ce an ci amana. An mai da ita abinci, an haɗiye, ta shiga jiki. Shi ya sa a kan ce wanda ya ci amana, amana za ta ci shi. Abin da ka haɗiye ba ka iya ajiye shi a gefen hanya ka wuce, tare da kai ya ke kwana.

A kan ce kuma, da ɗan gari a kan ci gari. Mutumin daji bai san wanda ya sayar da shanu jiya ba, bai san gidan da aka aiko wa kuɗi daga birni ba, bai san ranar da hakimi zai bi wace hanya ba, sai wani na ciki ya gaya masa. Wanda ya ke zaune tare da kai a tabarma ɗaya, ya tashi ya buga waya ya sayar da kai, shi ne ya fara kashe aminci tun bindiga ba ta yi ƙara ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

IV. Amini, da sunayen da mu ke ɗauka

Daga saiwar nan aka sami amini da aminiya, watau abokin da ka ke iya buɗe wa cikinka. Daga nan aka sami amintacce, da amincewa. Larabawa har yau su kan kira ma'aji amin na akwatin kuɗi. Daga nan kuma sunaye suka fito: Aminu, da Lamin, da Amina, da Mamunu. Maƙwabtanmu Musulmi suna ba da labari cewa mutanen Makka sun kira Annabi Muhammadu Al-Amin tun yana saurayi, saboda riƙon amanarsa, shi ya sa sunan ya ke da daraja a wurinsu.

Amma suna ba hali ba ne. A cikin 'ya'yan Halifa Haruna Rashid na Bagadaza akwai biyu, ɗaya ana yi masa laƙabi Al-Amin, watau amintacce, ɗaya kuwa Al-Ma'amun, watau wanda aka amince masa. A shekara ta 802 ubansu ya kai su Makka, ya sa suka yi rantsuwa a kan yadda za su gaji mulki, aka rataye takardar alkawarin a cikin Ka'aba. Ya rasu a 809. Ba a daɗe ba 'yan'uwan suka ta da yaƙi tsakaninsu, aka kewaye Bagadaza, aka kashe Al-Amin a 813. Sunaye biyu na amana, da rantsuwa a wuri mafi tsarki gare su, duk ba su hana jini ya zuba ba.

Ina gaya maka wannan domin kai ma ka ɗauki sabon suna, ana ce da kai mai bi. Wataƙila ma an ba ka suna daga cikin Littafi ranar baftisma. Maƙwabtanka ba za su karanta Linjila su gane ko gaskiya ce ba tukuna, mudunka za su fara dubawa, da bashin da ka ci, da maganar da aka gaya maka a asirce.

V. Imani da mumini

Yanzu mun zo kan reshe mafi girma. Larabci yana da wani gini wanda ya ke mai da aiki ya zama sa wani ya yi shi. Idan aka gina saiwarmu haka, sai ta zama ba da aminci, daga nan kuwa aka sami imani, mai yinsa shi ne mumini. Masana lugga sun bayyana dalili: wanda ya gaskata mai magana ya amintar da shi daga ƙaryatawa. Kalmar nan da mu kan ce mun yi amanna da abu, ita ma Larabci ce, ma'anarta mun gaskata.

Mu masu bi mun fi saba da cewa bangaskiya, kamar yadda ya ke a cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa tun wanda aka buga a 1932, wanda Likita Walter Miller na Zariya ya yi babban aiki a kansa. Bangaskiya Hausa ce tsantsa, watau ba da gaskiya. Kalmomin biyu suna taimakon juna: ɗaya tana cewa ka ba Allah gaskiya, ɗaya tana cewa ranka ya kwanta a kansa.

Ibrananci, harshen da aka rubuta Attaura da Zabura da littattafan annabawa, ɗan'uwan Larabci ne, saiwar nan kuma tana cikinsa da baƙaƙenta uku. A can ma'anarta kafuwa ce da tallafi. Da ita aka faɗi bangaskiyar Ibrahim. Da ita kuma a kan kira mace mai renon jariri, kamar yadda aka kira Na'omi sa'anda ta ɗauki ɗan Rut. A cikin sura ta 7 ta littafin Ishaya, lokacin da sarakuna biyu suka haɗa kai za su faɗa wa Urushalima, annabi ya yi wa Sarki Ahaz gargaɗi da kalmomi biyu daga wannan saiwa, ɗaya ta gaskatawa, ɗaya ta kafuwa, ya nuna masa ba shi da ta biyu sai da ta fari.

Ka taɓa ganin mace tana gudu da dare da goyo a bayanta? Ita tana jin tsoro, amma ɗan yana barci. Bai san hanya ba, bai san inda za a kwana ba, ya dai san bayan da ya ke kai da majanyin da ya ɗaure shi. Imani ke nan bisa ga asalin kalmar. Ba yawan sani ba ne, sakin nauyi ne a kan Wanda ba ya yarwa.

Ga kuwa abin mamaki. Bahaushe idan ya ga mugu marar tausayi, sai ya ce ba shi da imani. Bai tambaye shi abin da ya gaskata ba, aikinsa ya duba. Bakin talaka ya riƙe gaskiyar da manzo Yaƙub ya koyar a wasiƙarsa, cewa bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba gawa ce. Mumini shi ne wanda ya sami aminci wurin Allah, shi ne kuma wanda mutane su ke samun aminci daga gare shi. Kalmar tana kallon sama, tana kallon maƙwabci, ba ta rabuwa biyu.

VI. Amin

Reshe na ƙarshe shi ne mafi gajarta. Amin tsohuwar kalma ce ta Ibrananci daga wannan saiwa, ma'anarta tabbas, ya kafu, haka ya ke. Ta shiga Helenanci da Latin da harsunan Turai ba a fassara ta ba, Larabawa kuma suna faɗinta a ƙarshen addu'a. Bayahude yana faɗinta, Kirista yana faɗinta, Musulmi yana faɗinta. A Isa, ranar Jumma'a da ranar Lahadi, kalma ɗaya ce ke fita daga bakin mutane.

Ubangiji Yesu ya yi wani abu da ita wanda ba a saba ba. Mutane su kan sa ta a ƙarshen maganar wani, shi kuwa ya kan sa ta a farkon tasa maganar, ita ce inda Littafinmu ya ke cewa hakika. A cikin Ru'ya ta Yohanna kuma an kira shi kansa da wannan suna, gama shi ne tabbacin alkawaran Allah. An ba shi amanar tumaki, bai gudu ba sa'anda kura ta zo, ya ba da ransa.

Saboda haka amin ba rufe addu'a ba ce kamar yadda a ke rufe ƙofa. Sa hannu ce. Idan aka roƙi Allah ya ciyar da marayu ka ce amin, alhali hatsin maraya yana cikin rumbunka, ka sa hannu a kan takardar da za ta kashe ka a shari'a.

VII. Amanar da ke hannunka yau

Kada ka ce kai talaka ne, ba wanda ya ba ka ajiya. Ga waɗansu da na san suna hannun da yawa daga cikinmu.

Na fari, kayan waɗanda suka gudu. Gonarsu, da akuyarsu, da kwanon rufin ɗakinsu, nasu ne ko sun yi shekara biyar a Gidan Runji ko Sakkwato. Idan ka noma gonar, ka nemi izini, ka ajiye musu rabonsu. Kada ka matsa da iyaka ko taki ɗaya.

Na biyu, kuɗin jama'a. Idan aka tara domin fansar wanda aka kama, ko domin gwauruwa, ko baikon ikilisiya, ka ƙirga a gaban mutum biyu, ka rubuta, kada ka ranta daga ciki ko da niyyar mayarwa. Yahuza shi ne ma'ajin almajirai, da ɗiba kaɗan kaɗan daga jaka ya fara, a kan azurfa talatin ya ƙare.

Na uku, sirrin gari. Kada ka faɗi wanda ya sayar da me, ko wanda zai yi tafiya yaushe, ga wanda ba ruwansa. Idan aka tsorata ka domin ka zama kunnen mugaye, ka nemi dattijo amintacce ka gaya masa tun da wuri. Amma ka sani, rufa wa mai shirin kisa asiri ba amana ba ce, tarayya ce cikin jini.

Na huɗu, ran marar laifi. Bafillacen da ya yi shekara ashirin yana kawo nono ƙofar gidanka bai zama ɓarawo ba domin wani mai irin harshensa ya ɗauki bindiga. Su ma an kwashe musu shanu, an kashe musu 'ya'ya. Idan ya shigo kasuwa yana cikin amanar gari. Kada bakinka ya nuna shi ga masu fushi, kada kuma hannunka ya shiga ramuwa.

Na biyar, iyalinka. Matarka amana ce daga gidan ubanta, 'ya'yanka amana ne daga Allah. Yusufu a gidan Fotifar an sa kome a hannunsa, ya ƙi taɓa matar maigidansa, ya gwammace kurkuku.

Amanar Musulmi da ta Bamaguje da ta mai bi, nauyinsu ɗaya ne a ma'aunin Allah.

VIII. Idan ka riga ka ci

Ba na rubuta maka wannan daga bisa tudu ba. Wata shekara wani maƙwabcina ya kwashe iyalinsa da dare, ya bar mini buhun gero biyu. Damina ta yi nisa, rumbuna ya ƙare, yara suna kuka. Na kwance bakin buhu ɗaya na ce rance ne. Kaka ta zo ban mayar ba, na ce ai ba zai komo da wuri ba. Na ci gaba da tsayawa gaban jama'a ina karatu, ina cewa amin da ƙarfi. Bayan shekara matarsa ta komo ita kaɗai da 'ya'ya uku, shi ya rasu a can. Ba ta san adadin abin da ya bari ba, da na ba ta buhu ɗaya da ta yi mini godiya. Kwana uku na yi ba barci, geron nan yana cina. Rana ta huɗu na tafi da wani dattijo, na faɗa mata gaskiya, na biya a hankali har na gama. Kunyar ta yi zafi, amma daren nan na yi barci.

Hanyar ke nan, babu wata. Ka faɗa wa Allah, ka faɗa wa mai kaya, ka mayar. Zakka mai karɓar haraji, ranar da Yesu ya shiga gidansa, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Idan mai kaya ya mutu, ka nemi magadansa. Idan ba ka da abin biya yau, ka tafi ka faɗi, ku sa rana.

Kada kuwa ka fid da zuciya. Almajirai biyu suka ci amanar Ubangiji a dare ɗaya. Yahuza ya tafi shi kaɗai da nauyinsa, ya hallaka. Bitrus ya yi kuka mai zafi, ya komo, Ubangiji kuwa ya sake sa kiwon tumakinsa a hannunsa. Wanda ya tuba, Allah ya kan sake ba shi amana.

Tambayoyi domin gwada kai

1. Akwai abin wani a hannuna wanda ban so ya tambaya?
2. Akwai maganar da aka gaya mini a asirce da na kai inda ba ta kamata ba?
3. Maƙwabcina wanda ba addininmu ɗaya ba, zai iya barin ɗansa a gidana ya yi barci?
4. Addu'ar da na ce wa amin ranar Lahadi, me na yi a kanta ranar Litinin?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ne amintacce, ba ka taɓa yar da wanda ya dogara gare ka ba. Ka gafarta mana amanar da muka ci, ka ba mu ƙarfin zuciya mu mayar. Ka tuna da Isa da Sabon Birni da dukan ƙasar Gobir, da waɗanda ke ɗaure a daji, da waɗanda ke zaman baƙunci a ƙasar wani, da gwauraye da marayu. Ka juyo da zukatan masu mugunta. Ka mai da mu mutanen da maƙwabta za su kwana ba tsoro saboda mu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.